Daga Kano zuwa Jidda a Jirgin Sama

Ƙasar Makoda tana arewa da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Dambatta. Ƙasa ce ta manoma, gona tana jingine da gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Wani lokaci yara suna kiwo, ko suna taya iyayensu aikin gona, sai su ji wani rugugi can sama. In suka ɗaga kai sai su hangi jirgi, ɗan ƙanƙane kamar shirwa. Kafin su gama nuna wa juna, ya ɓace. Ina ya nufa? Yaushe zai isa?

A wani ƙauye na wannan ƙasa akwai wani dattijo manomi. Shekara da shekaru yana tara abin da ya samu na gyaɗa da wake, yana kiwon raguna yana sayarwa, har Allah ya nufa kuɗin kujerar Makka suka cika. Ran da aka kawo masa takardar tafiya, sai ya kira jikansa, wanda ke aji biyar, ya ce ya karanta masa.

Yaro ya karanta, ya ce, "Tashi daga Kano ƙarfe 8 na safe, sauka a Jidda ƙarfe 3 na yamma. Komowa kuwa, tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe, sauka a Kano ƙarfe 1 na rana."

Tsoho ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Kai, ɗan nan, sake dubawa. Zuwa awa bakwai, komowa awa uku? Ai hanyar ɗaya ce. Ko kuwa can tudu ne, in za a komo gangarowa ake yi? Ko dai bokon naka ne bai nuna ba?"

Yaro ya ce, "Wallahi, Kaka, abin da aka rubuta ke nan." Amma ya kasa faɗin dalili. Tsoho ya shiga damuwa, yana tsoron kada ya zamana an yi kuskure a takardar, jirgi ya tashi ya bar shi, wahalar shekaru ta tafi a banza. Yaro kuma ya kwana da kunya.

Da gari ya waye ya tafi makaranta, ya durƙusa gaban malaminsu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya." Da malam ya ji tambayar, sai ya aika ofishin hedimasta aka ɗauko taswirar duniya, irin mai siffar ƙwallo, da zare, da alli. Ya ce wa 'yan aji duka su kasa kunne, gama wanda zai warware wannan matsala sai ya san abu uku: nisa, da gudu, da agogo.

1. Nisa

Babban filin jirgin sama na Kano sunansa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. An sa masa sunan shahararren malamin nan ɗan siyasa wanda ya rasu a shekarar 1983. Na Jidda kuwa sunansa Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz, an buɗe shi a shekarar 1981. Jidda tana bakin Bahar Maliya, ita ce ƙofar Makka tun zamanin da. A nan ake sauke alhazai da yawa, sa'an nan su ƙarasa a mota. Waɗansu kuwa Madina ake fara kai su.

Yaya ake gane nisan da ke tsakanin filayen nan biyu? Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma, kewayayya ce kamar lemo. Saboda haka in ana son a ga hanya mafi kusa tsakanin gari biyu, sai a ɗauki zare, a danne baki ɗaya a kan Kano, a ja shi ya miƙe sosai, a danne ɗaya bakin a kan Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta.

Zaren zai fita daga Kano ya nufi gabas, amma da ɗan karkata wajen arewa. Wannan kusan ita ce alƙiblar da mutanen Kano ke fuskanta in za su yi salla. Zai bi ta kusa da tafkin Cadi, ya ratsa ƙasar Cadi, ya shiga Sudan, ya ƙetare kogin Nilu arewa da Hartum, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya. Tsawon wannan hanya kamar kilomita 3,400 ne. Ga tsofaffi waɗanda suka saba ƙirga da mil, kamar mil 2,100 ke nan, gama mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan.

Domin a gane girman wannan adadi, daga Kano zuwa Ikko a miƙe kamar kilomita 830 ne. Watau tafiya Jidda daidai take da a je Ikko sau huɗu, har da ɗan ɗoriya.

Wannan nisa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Yadda yake ga mai zuwa, haka yake ga mai komowa. Yadda yake a zamanin kakannin kakanni, haka yake yau. Babu tudu, babu gangara.

2. Gudu

Abin da ke sa wani ya riga wani isa shi ne gudu. Gudu kuwa ana auna shi da yawan kilomitar da abu ya ci a cikin awa ɗaya. In an san nisa, an san gudu, to, sanin lokaci ba wuya. A raba nisa da gudu, abin da ya fito shi ne yawan awoyin tafiya.

Malam ya rubuta 3,400 a kan allo, ya sa yara suka yi ta rabawa. A ɗauka akwai miƙaƙƙiyar hanya daga Kano har Jidda, ba kogi, ba teku, ba tsayawa. Ga abin da suka samu:

Mai tafiya a ƙasa, kilomita 5 a awa: awa 680.
Mai keke, kilomita 17 a awa: awa 200.
Mai mota, kilomita 85 a awa: awa 40.
Jirgi mai farfela irin na da, kilomita 425 a awa: awa 8.
Babban jirgin zamani, kilomita 850 a awa: awa 4.

A lura da abin da lissafin ya nuna. Jirgin zamani ya ninka mota gudu sau goma, saboda haka lokacinsa kashi ɗaya ne cikin goma na lokacin mota. In gudu ya ninka biyu, lokaci ya ragu da rabi.

Mai tafiya a ƙasa ba zai iya yin awa 680 a jere ba. Dole ya ci abinci, ya yi salla, ya yi barci. In yana ɗauke da kaya, ga mata ga yara, ya yi awa 5 kullum, zai ci kilomita 25 a yini. A raba 3,400 da 25, an sami kwana 136, watau wata huɗu da rabi. Wannan ya isa a shuka gero, a nome shi, a girbe, har a kai rumbu. Abin da mai ƙafa ke ci a yini guda, jirgi yana cinye shi kafin minti biyu su cika.

3. Me ya sa awa biyar, ba huɗu ba?

Lissafi ya ce awa 4, amma duk wanda ya taɓa yin tafiyar zai ce ta fi haka. Jirgin da ya miƙe daga Kano zuwa Jidda yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Akwai dalilai huɗu.

Na fari, jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya gangara a hankali zuwa kan titinsa, ya jira izini daga ma'aikatan hasumiya, ya sheƙa a guje, sa'an nan ya ɗaga. Daga nan ya yi ta hawa har ya kai kamar kilomita 10 ko 11 daga ƙasa. A can iska ba ta da kauri, ba ta tare shi da yawa, sai ya yi gudu sosai ba tare da shan mai da yawa ba. Sanyin wurin kuwa ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, amma mutanen ciki ba sa jinsa, don a rufe jirgin yake ruf.

Na biyu, haka kuma ba ya sauka gaba ɗaya kamar dutsen da aka jefo. Tun saura kamar rabin awa direba zai fara rage gudu, yana yin ƙasa-ƙasa. In jirage sun yi yawa a filin, kamar yadda akan yi a Jidda lokacin aikin hajji, sai ya jira layi.

Na uku, iska. Kowane mai keke ya san bambancin ranar da iskar hunturu ke tura shi ta baya da ranar da take dukan ƙirjinsa. Haka yake ga jirgi. In iska ta biyo bayansa ya yi saurin isa, in ta tare gabansa ya ɗan makara.

Na huɗu, sararin sama ma yana da hanyoyi, ko da yake ido ba ya ganinsu. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisanta, jirgi ba ya ratsawa sai da yardarta. A watan Afrilu na shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. A hajjin wannan shekara jiragen alhazan Nijeriya sai kewaye suka riƙa yi. Hanya ta ƙara tsawo, lokaci ya ƙaru, man da jirgi ke sha ya ƙaru. Ashe zaman lafiyar ƙasar da mutum bai taɓa takawa ba yana iya shafar tafiyarsa.

4. Agogo biyu

Yanzu saura babbar tambaya. In tafiyar awa 5 ce, don me takarda ta nuna bakwai a zuwa, uku a komowa?

Malam ya sa aka rufe tagogi, ya ba wani yaro tocila ya haska taswirar ta gefe ɗaya. Ya ce tocila ita ce rana. Sa'an nan ya juya taswirar a hankali daga yamma zuwa gabas, yadda duniya ke juyawa. Yara suka ga haske ya fara taɓa Jidda, alhali Kano tana cikin duhu. Sai da ya ƙara juyawa kana haske ya iso Kano.

Duniya tana kewaya kanta sau ɗaya cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta kashi 360, kowane kashi ana ce da shi digiri. A raba 360 da 24, an sami 15. Watau cikin kowace awa duniya tana juya digiri 15. In aka duba taswira za a ga layuka da aka ja daga arewa zuwa kudu, kowane da lambarsa. Kano tana tsakanin layi na 8 da na 9, Jidda kuwa tana kan layi na 39. Tsakaninsu digiri 30 ne da ɗan ɗoriya. A raba 30 da 15, an sami 2. Saboda haka rana takan riga fitowa a Jidda da kamar awa biyu, ta kuma riga faɗuwa da kamar awa biyu. Don haka ne agogon Saudiyya yake gaba da na Nijeriya da awa 2 cif.

Yara da yawa sun taɓa lura da wannan ba su san dalili ba. Da watan azumi akan ji a rediyo, ko a gani a talabijin, mutanen Makka suna shan ruwa, alhali a Makoda rana tana nan da sauranta.

To, al'adar masu jirage ita ce, su rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka sauka. Ga yadda lissafin dattijo yake:

Zuwa: an tashi ƙarfe 8 na safe. Bayan awa 5, agogon Kano ya nuna ƙarfe 1 na rana. A ƙara awa 2, agogon Jidda ya nuna ƙarfe 3.

Komowa: an tashi ƙarfe 10 na safe. Bayan awa 5, agogon Jidda ya nuna ƙarfe 3. A ɗebe awa 2, agogon Kano ya nuna ƙarfe 1 na rana.

Ashe babu kuskure a takarda. Awa biyar ce a zuwa, awa biyar a komowa. Mai tafiya gabas yana ƙara wa agogonsa, mai tafiya yamma yana ragewa.

Kada a zaci nisa ne ke kawo bambancin agogo. Daga Kano zuwa Landan, babban birnin Ingila, kamar kilomita 4,450 ne, ya fi na Jidda nisa. Amma bambancin agogon Nijeriya da na Ingila ba ya wuce awa ɗaya, wani lokacin shekara ma daidai suke. Dalili kuwa Ingila arewa take da Nijeriya, ba can gabas ko can yamma ba.

5. Mutanen da

Da aka tashi daga makaranta yaro ya sheƙa gida. Ya ɗauko lemo da fitila, ya yi wa kakansa bayani tiryan-tiryan. Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ashe bokon ya nuna. Allah ya yi maka albarka. Awa biyar! Ni kuwa ƙanen kakana da ƙafa ya tafi. Har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba."

Irin wannan labari yana nan a gidaje da yawa na ƙasar Hausa. A zamanin da, mai niyyar hajji yakan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar 'yan'uwa, gama ba a san ko za a sake ganawa ba. Sai ya bi ayari ta Barno, ya wuce ta Wadai a ƙasar Cadi, ya shiga Darfur, ya isa kogin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin ko Fot Sudan a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Lissafi ya ce wata huɗu da rabi, amma kaɗan ne suka yi ta a haka. Hanyar ƙasa ba miƙaƙƙiya ba ce, sai an bi inda rijiyoyi suke. Guzuri kuma yakan ƙare. In ya ƙare sai matafiyi ya tsaya a wani gari ya yi noma, ko ɗinki, ko ƙodago, ya tara abin da zai kai shi gari na gaba. Da yawa sun yi aiki a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Ta haka tafiyar takan ci shekaru. Waɗansu suka isa suka komo da furfura, waɗansu suka rasu a hanya, waɗansu suka zauna can. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogi a Sudan. Garin da suka kafa ana kiransa Mai Wurno. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Waɗannan bayin Allah su suka san ma'anar wannan magana.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan Ingila. Sun taso daga Masar ran 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Cadi suna yada zango, kusan hanyar da alhazai ke bi, suka sauka a filin sukuwa. A shekarar 1936 aka fara jigilar wasiƙu a jirgi tsakanin Hartum da Kano. Daga baya Kano ta zama babban zango ga jiragen da ke ƙetare hamada tsakanin Turai da kudancin Afirka, don jiragen lokacin ba sa iya doguwar tafiya sai sun tsaya shan mai. Sannu a hankali alhazai suka bar hanyar ƙasa suka koma ta sama.

Ran tafiya, dangi suka raka dattijo bakin titi inda zai shiga mota zuwa Kano. Ya kama hannun jikansa ya ce, "To, malamin gida, in na sauka me ka ce in yi wa agogo?"

Yaro ya ce, "Ka tura shi gaba awa biyu, Kaka, don kada lokacin salla ya ruɗe maka. In ka komo ka mayar da shi baya."

Tsoho ya ce, "Na riƙe. Ku kuma in kun ga rana tana shirin faɗuwa, ku sani ni can dare ya yi mini tuni, ina yi muku addu'a."

Makka ba ta matso ba, Makoda ma tana inda take. Kilomita 3,400 da ƙanen kakan tsoho ya tasar wa da sanda da gora, su ne jikan ɗan'uwansa ya ƙetare a zaune, tsakanin hantsi da la'asar. Abin da ya sake shi ne ilmin da Allah ya ba ɗan Adam. Yaron da ya iya raba nisa da gudu, ya kuma san dalilin bambancin agogo, ya sami rabonsa na wannan ilmi, har ya amfani mutanen gidansu da shi.

Tambayoyi

1. Faɗi sunayen filayen jirgin sama na Kano da na Jidda.
2. Kilomita nawa ne tsakaninsu? Waɗanne ƙasashe ne ke kan hanya?
3. Yaya ake samun lokacin tafiya in an san nisa da gudu?
4. Kawo dalilai uku da ke sa jirgi ya wuce awa 4 a wannan hanya.
5. In ƙarfe 6 na yamma ne a Makoda, ƙarfe nawa ne a Makka?
6. Jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 9 na dare, ya yi awa 5 a sama. Ƙarfe nawa agogon Jidda zai nuna sa'ad da ya sauka?
7. Wani jirgi yana cin kilomita 800 a awa. Awa nawa zai yi a tafiyar kilomita 2,400?
8. Don me alhazan da suke shekaru a hanya?

Aiki

Ku sami zare da taswirar duniya mai siffar ƙwallo. Ku auna daga Kano zuwa Jidda, ku auna daga Kano zuwa Landan, ku gwada tsawon zaren biyu. In kun koma gida ku tambayi tsofaffi ko akwai wani a danginku da ya tafi Makka da ƙafa. Ku rubuta abin da suka faɗa muku cikin layi goma, ku kawo wa malam.